In Ba Za Mu Iya Warkar da Shi Ba, Mu Rage Masa Azaba

Jama'a, akwai wata magana da ake faɗa wa iyaye a asibitocinmu da murya ƙasa-ƙasa, galibi a bakin ƙofar ɗakin kwanciyar yara: "Baba, sai haƙuri, mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Ku koma da shi gida, a ci gaba da addu'a." Uba ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya saka da alheri, uwa ta naɗe tabarma ta tattara kwanuka, a nemo mota. Addu'a kam wajibi ce, babu mai hankalin da zai raina ta. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne fahimtar da take bin bayan wannan sallama, wai tunda cutar ta fi ƙarfin magani, to azabarta ma ta fi ƙarfinmu. Wannan fahimta kuskure ce, kuma a kan yara ƙanana take ƙarewa, a ɗakunan da ba mai jin kukansu sai iyayensu mata.

Ku dubi yaron da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, a ce na hanta ne, ko na ƙoda, ko na kaluluwa. Sau da yawa abin da ya fi gallabarsa a makonnin ƙarshe ruwa ne. Ruwa ya taru a cikinsa har fata ta yi sheƙi, cibiya ta turo, ya danne hanji ya hana shi loma biyu, ya tokare ƙirji ta ƙasa. Ko kuwa ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari, huhu ya rasa wurin buɗewa, yaro ya koma barci a zaune jingine da uwarsa, yana jan numfashi da ƙyar. Duk wanda ya taɓa irin wannan jinya ya san ba a mantawa da ita. To wannan ruwan ana iya fitar da shi. Likitan da ya iya aikin, da na'urar sikanin a gefensa da siririyar roba a hannunsa, zai zuƙe shi ba tare da an tsaga yaron ba, kuma sau da yawa kafin a kammala numfashi ya fara sauƙi. Ciwon dajin yana nan, ba wanda ya ce ya tafi. Amma yaro ya samu ya kwanta da bayansa, ya sha kunu, ya yi hira da ƙannensa. Wa zai dubi idon uwarsa ya ce mata wannan ba komai ba ne?

Na'urar da nake magana a kai ba baƙuwa ba ce. Ita ce dai wadda mata masu juna biyu suke zuwa a shafa musu mai a ciki a duba kwanciyar jariri, wadda yau da wuya ka shiga babban gari a Arewa ko a kudancin Nijar ka rasa ta. Mun saba da ita wajen dubawa kawai: a ɗora, a rubuta sakamako, a miƙo maka takarda. A hannun wanda aka horar kuwa, ita ce take nuna masa allura tun daga fata har inda aka nufa. Yana ganin inda ruwa ya kwanta, yana ganin hanji da hanta da manyan jijiyoyin jini ya kauce musu. Mutanenmu sun san sakiya tun kaka da kakanni, wanzami ya huda kumburi mugunya ta fita a samu sa'ida. Tunanin kusan ɗaya ne, sai dai wanzami lalube yake yi a abin da ke kusa da fata, shi kuwa wannan yana kallon cikin jiki a kan allo, da kayan aikin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, bayan an yi allurar kashe zafi. Inda sikanin ya gaza sai a koma ga hoton eksire mai motsi ko na'urar siti. Ga yara dai sikanin ya fi dacewa duk inda zai yiwu, domin da sauti yake aiki, ba shi da hasken nan mai ratsa jiki wanda ake kaffa-kaffa da yawansa a jikin ƙananan yara, kuma ana iya gungura shi har bakin gado.

Ilimin ya daɗe a duniya. A 1953 wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Sven Ivar Seldinger, ya fito da dabarar da har gobe ake bi: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, sannan roba ta bi wayar ta shiga. A watan Janairun 1964, a jihar Oregon ta Amurka, Charles Dotter ya buɗe toshasshiyar jijiyar jini a ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, kuma ta ci gaba da takawa da ƙafarta. Daga nan fannin aiki da allura da roba bisa jagorancin hoto ya kafu ya yi rassa. Shekara sama da 60 ke nan, mu kuwa har yanzu ba mu kawo shi ɗakin yaranmu yadda ya kamata ba.

Wani zai ce ai ruwan dawowa yake yi. Haka ne, ruwan ciwon daji yakan dawo, wani lokaci cikin kwanaki. Shi ya sa aka samar da wata roba da ake bi da wani ɓangarenta ta ƙarƙashin fata, ta zauna makonni ko watanni. Sai a koya wa uwa, ko ma'aikaciyar jinyar da ke kusa da su, yadda za a wanke hannu, a buɗe, a rage ruwan kaɗan-kaɗan, a goge, a rufe. Ku auna abin da wannan yake nufi ga iyalin da suka taso daga wani ƙauye a bayan Gumel, ko Illela, ko Dakoro. An sayar da akuya an sayar da buhun gero an yi kuɗin mota, ga sauran yara an bar su wajen maƙwabta, ga gona ba mai nomawa. Kowace komawa asibiti wani sabon bashi ne. Roba ɗaya da aka sa daidai tana iya sa yaro ya yi kwanakin da suka rage masa a tsakar gidansu, kakarsa tana masa fifita, maimakon a kan titi da benci.

Akwai kuma wahalar da kowa ya gani da idonsa, mun saba da ita har mun daina ɗaukarta wahala. "An rasa jijiya." A soki bayan hannu, a soki gwiwar hannu, a koma ƙafa, a aske gefen kai, yaro yana ihu har muryarsa ta dishe, mutum uku sun danne shi. Iyayen masu sikila sun fi kowa sanin wannan. An ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya, kuma yawan ƙarin jini da ƙarin ruwa yana lalata jijiyoyin hannu tun suna ƙanana. Haka yaran da ke karɓar maganin ciwon daji ta jijiya. Da sikanin ana ganin jijiyar da ido ba ya gani, yatsa ba ya ji, a shiga ta a karo ɗaya ko biyu. Ga wanda jinyarsa za ta yi tsawo akwai doguwar roba da take zama makonni, akwai kuma wata 'yar ƙaramar mashiga da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta nan za a riƙa ba da magani ana ɗibar jini. Ni a ganina da a ce wannan kaɗai aka gyara a ɗakunan yaranmu, da an ɗauke wa dubban yara tsoron asibiti da suke tashi da shi har girmansu.

Ayyukan suna da yawa. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni, ko don shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, ko doguwar naƙuda, ko sanƙarau, wanda haɗiya take masa wuya har abinci yana sarƙe shi yana faɗawa huhu, ana sa masa robar abinci kai tsaye ta fatar ciki zuwa tumbi. In yawu ne yake dalala har yana caɓe masa wuya da ƙirji, ana yi wa maɓuɓɓugar yawun allurar botos da jagorancin sikanin, ya ragu na 'yan watanni. Ƙari ya toshe hanyar fitsari, a sa roba a ƙoda ta baya. Ya toshe hanyar ruwan maɗaciya, ido ya yi ɗorawa, ƙaiƙayi ya hana barci, a buɗe wa ruwan hanya ta hanta. Ƙarin da ke zubar da jini a toshe jijiyar da ke ciyar da shi. Ciwon da ya ƙi jin magani a saman ciki kuwa, akwai tarin jijiyoyin da ke bayan tumbi masu kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, ana kai musu allura a kashe su, sauƙin ya ɗauki makonni ko watanni.

Kada kowa ya fahimce ni a baibai. Ba kowane yaro ne wannan ya dace da shi ba. Allura tana iya jawo zubar jini, roba tana iya kwaso ƙwayoyin cuta ko ta toshe, ana iya taɓa huhu iska ta shiga inda bai kamata ba, ko da yake ganin hanya da sikanin yana rage wannan haɗari ƙwarai. Ƙaramin yaro ba ya kwanciya shiru, sau da yawa sai an yi masa allurar barci, ita ma tana da nata haɗarin ga jikin da ya raunana. Wasu daga cikin ayyukan, musamman na kashe jijiyar zafi, an fi gwada su a kan manya, binciken da aka yi a kan yara bai kai nasu yawa ba. Yaron da saura kwana ɗaya ko biyu ya cika, jan sa zuwa ɗakin aiki ƙarin wahala ne, abin da yake buƙata maganin zafi ne da jikin uwarsa. Ma'aunin guda ɗaya ne: shin sauƙin da zai samu ya fi wahalar aikin? Wannan kuwa ba a yanke shi a tsaye a baranda. Zama ake yi da uwa da uba, a yi musu bayani da Hausar da suke ji, in yaron ya yi wayo shi ma a tambaye shi abin da ya fi damunsa. Yaro ɗan shekara goma ya san inda yake masa ciwo fiye da kowa a ɗakin.

Haka nan allura da roba ba sa maye gurbin maganin zafi, tare suke tafiya. A nan ma muna da aiki ja. Ɓarnar da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu, wadda ta kai gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, ta sa iyaye har da wasu ma'aikatan lafiya suna jin sunan mofin su ja da baya. Tsoron yana da dalili, amma ya sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Mofin na sha, wanda ƙwararre ya auna daidai da nauyin yaro yake kuma bibiya, shi ne ginshiƙin maganin zafi mai tsanani a duk duniya, ga shi da arha. Yuganda ta nuna ana iyawa. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa cibiyar kula da masu jinyar ƙarshe a Kamfala, ana haɗa ruwan mofin mai sauƙin kuɗi ana kai wa mutane har gida. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinyar da aka yi wa horo na musamman izinin rubuta shi, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba.

Wannan fanni gaba ɗaya, kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, yana da tarihinsa. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, aka buɗe na farko na yara zalla, Helen House, a Oxford ta Ingila a 1982. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ga yara ana fara wannan kulawa ne tun ranar da aka gano cutar, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da maganin warkarwa, kuma ta haɗa da iyalin yaron. Saboda haka karɓarta ba sallamawa ba ce. A 2014 babban taron hukumar, wanda Najeriya da Nijar suke da kujera a cikinsa, ya zartar da ƙudurin cewa kowace ƙasa ta sa ta cikin tsarin lafiyarta. A gida ma an fara: Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun yi tsayin daka har aka buɗe sashen wannan kulawa a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007.

Girman buƙatar kuwa ya isa ya hana mai imani barci. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta yara fiye da miliyan 21 a duniya suna buƙatar wannan kulawa, sama da miliyan 8 daga cikinsu ta ƙwararru. A shekarar dai, kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce yara kusan miliyan 2.5 suke mutuwa kowace shekara cikin matsananciyar wahalar jinya, fiye da kashi 98 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Ciwon daji yana kama yara da matasa kusan 400,000 a shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a da yawa daga cikin ƙasashe irin namu ba su kai kashi 30 ba, saboda ana zuwa asibiti a makare, kuɗi kuma yana yankewa a tsakiyar magani. Ma'ana, inda aka fi buƙatar sauƙaƙa raɗaɗi nan ne aka fi rasa shi, kuma nan ɗin gidanmu ne.

Na san abin da wasu za su ce, na kuma san ba da mugunta suke faɗa ba: "Malam, zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa suna kwashe yaran da za su iya rayuwa, ina muka ga kuɗin kashewa a kan wanda ba zai tashi ba?" Amsa ta farko, na'urar da hannun duk ɗaya ne. Likitan da ya koyi zuƙe ruwan ƙirjin mai ciwon daji, shi ne gobe zai zuƙe mugunyar da ta taru a ƙirjin yaro bayan ciwon huhu, ko ruwan tarin fuka, ko ƙurjin hanta, waɗannan kuwa warkewa suke yi sarai su koma makaranta. Shi ne zai ɗebo ɗan tsokar ƙari da allura a gano irin cutar da wuri, tun tana jin magani. Yanzu har akwai na'urorin sikanin na hannu da ake haɗawa da wayar salula, kuɗinsu 'yan dubban daloli, bai kai na motar da ake raba wa jami'ai ba. Amsa ta biyu ita ce ta fi min nauyi. Darajar yaro ba ta rataya a kan yawan shekarun da suka rage masa ba. Amana ne a hannunmu ranar da aka raɗa masa suna, amana ne kuma a makonsa na ƙarshe, kuma za a tambaye mu.

Horon ma ba sai an tsallaka teku ba. A 2018 Tanzaniya ta fara horar da likitocinta aikin allura da roba bisa jagorancin hoto a asibitin Muhimbili da ke Darussalam, ƙwararru daga waje suna zuwa bi da bi suna koyarwa, har 'yan ƙasa suka karɓi ragama. Me zai hana asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, da babban asibitin Yamai, su haɗa kai a kan irin wannan? Shugabannin waɗannan asibitoci, muna roƙonku ku zaunar da likitan yara da likitan hoto da mai allurar barci da ma'aikatan jinya a teburi ɗaya, ko sau ɗaya a mako, su bi sunayen yaran da ke shan wahala ɗaya bayan ɗaya. Zuƙe ruwa da neman jijiya da sikanin ba sai babban ƙwararre ba, ana iya koya wa likitocin manyan asibitocin jiha, a bar masu wuyar ga cibiyoyin koyarwa.

'Yan majalisa da kwamishinonin lafiya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu don marasa galihu. Wane mara galihu ne ya wuce yaron talaka mai cutar da ba ta warkewa? Ku sa robobin nan da ruwan mofin da allurar barcin yara cikin abin da inshorar jiha take biya, a rubuce, da layinsu a kasafin kuɗi.

Malamanmu da limamai da fastoci, mutane suna jin maganarku fiye da ta likita. Ku gaya musu daga kan mumbari cewa neman sauƙi ga mara lafiya ba ya karya tawakkali, kuma haƙuri da ƙaddara bai ce a zuba wa yaro ido yana murƙususu ba alhali akwai abin yi. Masu hannu da shuni da hukumomin zakka da wakafi, ga ƙofar alheri a buɗe wadda ba ta da cunkoso.

Ku kuma iyaye, ku ne a gaba. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi likita. Ka ce masa: "Likita, na ji ba za ta warke ba, na karɓi ƙaddara. Amma wannan kumburin ana iya rage shi? Numfashin fa? Wane maganin zafi za mu tafi da shi, kuma in ya ƙare ina za mu samo? In dare ya yi abin ya tsananta, wa za mu kira?" In ya ce ba a yi a nan, ka nemi takardar turawa zuwa inda ake yi. Yawancin likitocinmu suna son a yi musu irin wannan tambaya, su ma abin yana cin su a rai, kayan aiki ne da horo suka yi musu ƙaranci. Kada kuma zafin rai ya kai ku ga wanda zai tsaga cikin yaro ko ya soka masa ƙarfe a gida, ruwan da ke cikin ciki da ƙirji ba na lalube ba ne.

Mai karatu, in kana cikin kwamitin masallaci ko na coci, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko ta 'yan kasuwa, ko ta ci gaban garinku, ka kai wannan magana zamanku na gaba. Ku wakilta mutum biyu su je asibitin gwamnati mafi kusa da ku, su nemi shugaban sashen yara, su tambaye shi abin da ya rasa don rage wa yaran da ke hannunsa wahala: na'ura ce, robobi ne, magani ne, ko kuɗin tura ma'aikaci horo. Abin da ya faɗa ku rubuta, ku tara kuɗin, ku saya, ku kai da hannunku, bayan wata uku ku koma ku ga ko ana amfani da shi.